Wannan Maganar Daga Ina Ka Samo Ta?

Yau da ɗalibanmu na jami'a da kwalejin ilimi da kwalejin kimiyya da fasaha nake son yin magana, musamman 'yan ajin ƙarshe waɗanda aka riga aka amince da taken bincikensu, suna ta safa da marwa tsakanin laburare da ofishin malamin da ke duba musu aiki. Iyaye ma a dakata, kada a murɗa rediyo, domin ku ne kuke biyan kuɗin bugun kundin nan, ku ne kuma kuke sake biya idan aka dawo da shi.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamai ranar kare kundi ya san tambayar da ta fi sa ɗalibi gumi. Mai jarrabawa zai ɗora yatsa a kan wani layi, ya ɗago kai, ya ce, "Malam, wannan maganar daga ina ka samo ta?" Wanda ya yi aikinsa da gaskiya sai ya buɗe shafi ya nuna. Wanda bai yi ba sai ya fara sosa ƙeya. Amsar wannan tambaya ana rubuta ta ne tun kafin a yi tambayar, kuma a wuri biyu. Akwai madogara, wadda ake sakawa cikin aikin kansa, dab da maganar da aka aro. Akwai kuma manazarta a ƙarshen kundi, inda ake jero cikakken bayanin kowane littafi da maƙala da kundi da aka dogara da su.

Ɗalibai da yawa suna ganin wannan wata wahala ce da malamai suka ƙirƙiro, sai a bar ta sai daren da za a kai aiki shagon bugu. Ina roƙonku ku sauya wannan tunani. Madogara kwatancen gida ce. Idan baƙo ya tambaye ka gidan wane, ka ce masa yana Kano, ba ka taimake shi da komai ba, sai ka faɗa masa unguwa da layi da ƙofa ta nawa. Haka yake ga wanda ya rubuta sunan marubuci kawai, ba shekara, ba shafi, alhali littafin shafi 400 gare shi. Mai karatu yana da haƙƙin ya tashi ya je inda ka ce, ya gani da idonsa ko marubucin ya faɗi abin da ka jingina masa. Idan kwatancenka bai kai shi ba, aikinka bai cika bincike ba, ko da kowace aya da waƙafi suna mazauninsu.

Mu da muka tashi a zauren karatu bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Malaman hadisi sun gina fanni sukutum a kan tambayar "daga wa ka ji". Imam Muslim, a gabatarwar Sahihinsa, ya kawo gargaɗin Abdullahi ɗan Mubarak game da matsayin isnadi da irin ɓarnar da rashinsa ke haifarwa. A nan ƙasarmu Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Asanidul Faƙir, inda ya jero silsilar malaman da ilimi ya biyo ta hannunsu har ya iso gare shi. Ƙanensa Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukh, ya lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu da littattafan da ya karanta. Siffar da jami'a take so ta sha bamban da tasu, amma tambayar ba ta canza ba.

Bari in ba ku wani labari da nake so kowane ɗalibi ya riƙe, ko da zai manta da sauran abin da zan faɗa yau. A watan Janairun 1980, mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine da ke Amurka ta buga wata 'yar wasiƙa mai jimla biyar kacal, daga masu bincike biyu na birnin Boston, Jane Porter da Dakta Hershel Jick. Sun duba bayanan marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, dangin su mofin, suka tarar mutum 4 ne kawai aka tabbatar sun kamu da jarabar maganin cikin waɗanda ba su da tarihin shaye-shaye. To amma marasa lafiyar nan duk a kwance suke a asibiti, ƙarƙashin idon likitoci da nas-nas. Wasiƙar ba ta ce uffan ba a kan mutumin da aka miƙa wa kwalbar ƙwayoyi ya tafi gida yana sha wata da watanni.

A 2017 wasu masu bincike a birnin Toronto na Kanada suka bi sawun wasiƙar, suka tarar an kafa hujja da ita a rubuce-rubucen ilimi 608. Kashi 72 cikin ɗari na waɗannan sun kawo ta a matsayin shaidar cewa da wuya mutum ya kamu da jarabar irin waɗannan magunguna. Kusan kashi 81 cikin ɗari ba su ma ambaci cewa a asibiti marasa lafiyar suke ba. Ambaton wasiƙar ya ƙaru sosai bayan fitowar maganin OxyContin a tsakiyar shekarun 1990, aka yi ta rubuta wa mutane ƙwayoyin nan, Amurka ta faɗa cikin bala'in da ya ci rayukan dubban ɗaruruwan mutane. Ba wasiƙar kaɗai ta jawo wannan ba, amma ta zama hujja a bakin masu tallar magani, har mujallar da kanta ta liƙa gargaɗi a samanta. Mu da muka ga abin da kodin da taramol suka yi wa matasanmu mun san nauyin wannan magana. Ku lura fa, matsalar marubutan nan ba ta aya ko waƙafi ba ce. Wasiƙar da ba ta wuce karatun minti ɗaya ba, wasu ba su karanta ta ba, wasu sun karanta sun ɗora mata kayan da ba nata ba.

Wannan ciwo ya yaɗu fiye da yadda ake zato. A 2003 Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka lura cewa idan wani ya yi kuskuren lambar shafi ko juzu'i wajen ambaton wata maƙala, sai a ga kuskuren nan, shi ɗin dai, yana ta maimaituwa a ayyukan mutane daban-daban. Ba yadda za a yi mutane da yawa su yi kuskure iri ɗaya sak sai idan daga jerin manazartar juna suke kwafa. Daga nan suka ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin ɗari ne kawai na masu ambaton aiki suka karanta shi.

Saboda haka ga ƙa'idar da na fi damuwa da ita a kan duk wani salo: kada ka jingina magana ga abin da idonka bai gani ba. Ɗauki misalin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Ingilishi ya buga a 1908. Kundaye nawa ne suke ɗauke da "Palmer, 1908" alhali mai kundin a wata maƙala ta baya-bayan nan ya tsinci maganar? Idan haka ta kasance gare ka, ba abin kunya ba ne, akwai hanyar faɗar gaskiya. Ka rubuta cewa Palmer ya ce kaza, kamar yadda wane ya kawo, sannan a manazarta ka saka aikin wanen nan da ka karanta, ka bar Palmer. Idan kuma maganar ita ce ginshiƙin hujjarka, to ka tashi ka nemo asalin, gani ya kori ji. Wanda ya cika manazarta da littattafai hamsin bai taɓa riƙe talatin daga cikinsu ba, shaidar zur ya bayar sau talatin, kuma mai jarrabawa da ya san fanninsa da tambaya ɗaya zai gane.

To me ke buƙatar madogara? Abin da kowa ya sani ba ya buƙata. Ba sai ka kawo littafi ba kafin ka ce Nijeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960. Amma alƙaluma, da ra'ayin wani masani, da ma'anar da wani ya ba wata kalmar fannu, da taswira ko jadawalin da ba kai ka zana ba, duk suna da masu su. Idan kalmomin mutum ka ɗauko yadda suke, ka sa su cikin alamar zancen wani, ka kawo shafi. Idan ka karanta ka fahimta ka sake faɗa da bakinka, alamar zancen wani ta faɗi, amma madogara tana nan, domin tunanin har yanzu nasa ne. A nan ɗalibai suke yawan zamewa. Sai mutum ya ɗauki sakin layi, ya musanya kalma uku ko huɗu, ya ɗauka ya zama nasa.

Akwai wata zamewar da ta fi shafarmu, mu masu rubutu da Hausa. Ɗalibi zai ɗauko shafi biyu daga littafin Ingilishi ko na Larabci ko na Faransanci, ya fassara, ya shigar cikin babi na biyu ba tare da ya ce ga mai shi ba. Manhajar gano kwafe irin su Turnitin ba lalle ta kama shi ba, wannan ne ma ya sa ake yi. Fassarar taka ce, an yarda, amma maganar ba taka ba ce. Ka ambaci marubucin da shafin, ka ƙara da cewa fassarar mai bincike ce. Da yake na ambaci Turnitin, ku sani lambar da take fitarwa kamannin kalmomi take aunawa. Mutum zai iya samun kashi 5 cikin ɗari yana ɓarawon tunani, wani ya sami kashi 25 saboda baitocin da yake nazari da jerin manazartarsa, alhali aikinsa tsaf yake.

Kada kuma wani ya ce da zarar an karɓi takardar shaida magana ta ƙare. A Jamus, Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg a watan Fabrairun 2011 saboda satar fasaha, ranar 1 ga Maris ya ajiye muƙaminsa. Shekara biyu bayan haka Jami'ar Dusseldorf ta ƙwace na Annette Schavan, wadda ita ce ministar ilimi a lokacin, kan kundin da ta rubuta tun 1980. Ita ma ta sauka. Shekara 33 kundin yana ajiye a kan kanta kafin a zo a buɗe shi.

Yanzu mu zo ga salo. Ɗalibai kan tambaye ni wanne ya fi kyau, APA ko MLA ko Shikago. Amsar farko mai sauƙi ce: ba kai kake zaɓa ba. Sashenku ko makarantar karatun gaba da digirin farko suna da littafin ƙa'idar rubuta kundi, ka nemo shi tun kafin ka rubuta layin farko. Idan babu, ka tambayi mai duba aikinka, kuma ka tambaye shi har da bugu na nawa. Idan mujalla za ka aika wa maƙala, ita ma tana da nata. Sai inda aka bar maka zaɓi ne za ka duba irin hujjojin da kake aiki da su, domin kowane salo wani fanni ne ya haife shi don biyan buƙatarsa.

APA na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ce ta Amurka. Ya faro ne da wata maƙala mai shafi bakwai a 1929, yanzu yana bugu na bakwai wanda ya fito a ƙarshen 2019. Masu ilimin koyarwa da zamantakewa da kasuwanci da aikin jarida su suka fi amfani da shi, kuma shi ya fi yawa a makarantunmu. Shekara yake sa wa gaba, domin a waɗannan fannoni mai karatu yana son ya sani nan take ko binciken na bara ne ko na shekara arba'in da suka wuce. Tunda rediyo ba allo gare ta ba, bari in karanta muku misali a hankali. A cikin aiki: buɗe baka, Yahaya, waƙafi, 1988, waƙafi, shafi kaza, rufe baka. A manazarta: Yahaya, waƙafi, I, aya, Y, aya, 1988 a cikin baka biyu, aya, sunan littafin a karkace, Hausa a Rubuce: Tarihin Rubuce-rubuce cikin Hausa, aya, sannan maɗaba'a, Northern Nigerian Publishing Company, aya. A bugu na shida sai ka sa Zariya kafin sunan maɗaba'ar, bugu na bakwai ya cire sunan gari. A na bakwai kuma, idan marubuta sun kai uku, tun daga ambaton farko sunan na farko kawai za ka kawo ka ce "da wasu". Wannan ne dalilin da na ce ku tambayi bugu, domin ɗalibi kan kwafo rabin manazartarsa a tsohon tsari, rabi a sabo.

MLA na ƙungiyar malaman harsuna da adabi ce ta Amurka, wadda aka kafa a 1883, littafin ƙa'idarta yana bugu na tara tun 2021. Shi sunan marubuci da lambar shafi yake sakawa cikin baka biyu, ba shekara. Dalili kuwa, mai nazarin Ruwan Bagaja ba tsufan littafin ya dame shi ba, abin da yake so shi ne ya kai ka ainihin layin da yake sharhi a kai.

Shikago ya girme su, maɗaba'ar Jami'ar Shikago ta fara fitar da shi a 1906, bugu na 18 ya fito a 2024. Hanya biyu gare shi, amma wadda masana tarihi suka riƙe ita ce ta 'yar lamba a saman layi da bayani a ƙasan shafi. Wata ma'aikaciyar jami'ar mai kula da kundayen digiri, Kate Turabian, ta sauƙaƙa shi don ɗalibai a 1937, shi ya sa za ku ji ana cewa salon Turabian. Ɗalibanmu na Yamai da Damagaram masu rubutu da Faransanci a fannin tarihi da adabi sun san wannan tsari na ƙasan shafi, da su ibid da op. cit. Likitoci kuwa lambobi suke jerawa bi da bi, a salon da editocin mujallun likitanci suka tsara a taronsu na birnin Bankuba na Kanada a 1978. Injiniyoyi ma lamba ce, a salon IEEE. Wanda ake kira Habad, na suna da shekara, ana danganta shi da wani masanin dabbobi na Jami'ar Habad, Edward Laurens Mark, da maƙalarsa ta 1881, amma babu wani littafin ƙa'ida guda da ke mulkinsa, kowace makaranta da irin nata. Idan an ce maka "yi Habad", ka nemi a ba ka samfuri a rubuce.

A nan ina da ra'ayi, kuma da malamai 'yan'uwana nake. Ɗora wa kowane sashe APA saboda a sami tsari ɗaya a makaranta yana cutar da wasu fannoni. Ɗalibin tarihi da ya yini a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ko Arewa House, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, hujjarsa fayil ce mai lamba, ko wasiƙar wani razdan, ko rubutun hannu na ajami wanda ba shekara ba maɗaba'a, wani lokaci ma kwafe biyu ne da suka saɓa wa juna. Irin wannan yana buƙatar fili a ƙasan shafi inda zai yi bayani. Cusa shi cikin baka biyu da suna da shekara yana tilasta masa ya yar da bayanin da mai karatu ya fi buƙata.

Babbar matsalar ma tana wajen hira. A ƙa'idar APA, hirar da ka yi da mutum wadda mai karatu ba zai iya komawa ya same ta ba, a cikin aiki kawai ake ambatonta, ba ta shiga manazarta. To wanda yake bincike a kan sana'ar dukanci, ko tarihin wata masarauta, ko waƙoƙin daka na mata, rabin iliminsa daga bakin dattawa ya fito. A ganina dole sassanmu su tanadi jeri na musamman na waɗanda aka yi hira da su, kamar yadda sassan tarihi suka saba: suna, shekaru, sana'a ko sarauta, garin da aka yi hirar, da ranar da aka yi ta. Tsohuwar da ta zaunar da kai a tsakar gidanta ta ba ka abin da babu shi a kowane littafi ta cancanci a rubuta sunanta kamar yadda aka rubuta na farfesa. Sai dai ka nemi izininta tukuna, idan maganar mai jawo fitina ce ka sakaya sunan ka faɗi dalili. Ka kuma adana sautin da ka naɗa, domin shi ne shafinka. Haka waƙar baka: idan ka kawo ɗiyan waƙar Mamman Shata ko Narambaɗa, ka faɗi wane faifai ko kaset ko ɗaukar gidan rediyo ka saurara, domin makaɗi yakan rera waƙa ɗaya a wurare daban-daban, ya ƙara a nan ya rage a can.

Alƙur'ani sura da aya ake kawowa, idan kuma fassara ka ɗauko ka faɗi ta wane ce, misali ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi. Hadisi ka kawo littafi da babi da lamba, ka faɗi bugun da ka duba, domin lambobin sukan saɓa daga bugu zuwa bugu.

Sai sunayenmu. Waɗannan salo duk an gina su ne a kan al'adar sunan dangi, mu kuwa sunan ƙarshe kan zama na uba, ko na gari, ko na sarauta. Abin da aka saba shi ne a ɗauki na ƙarshe yadda yake a bangon littafin: Sa'idu Muhammad Gusau ya zama Gusau, S. M., Abubakar Imam ya zama Imam, A. Ana cire Alhaji da Malam da Dakta da Farfesa. Wannan ba raini ba ne, domin a sami mutum a jerin abacada ne. Ka rubuta sunan yadda mai shi ya rubuta, kada ka gyara masa Mohammed ya koma Muhammad, in ba haka ba mai nema a kwamfuta ba zai same shi ba. Idan marubuci ɗaya yana da aiki biyu a shekara ɗaya, ka sa wa ɗaya a, ɗaya b, a cikin aiki da manazarta duka. Idan mutum biyu suna da sunan ƙarshe ɗaya, abin da ke faruwa kullum da su Muhammad da Abubakar da Bello, ka haɗa da harufan farko na sunayensu ko a cikin baka biyu.

Intanet ta sauƙaƙa nema, ta kuma zo da nata rikicin. Google ba madogara ba ce, hanya ce da ta kai ka wani wuri, wurin nan za ka ambata: wa ya rubuta, yaushe, mene ne take, wace hukuma ko jarida ta wallafa. Shafukan intanet kuma suna mutuwa. Wani bincike da aka yi a makarantar lauyoyi ta Jami'ar Habad, aka buga a 2014, ya gano kusan rabin adireshin intanet da ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da aka ambata. Saboda haka idan maƙala tana da lambar nan ta dindindin da ake kira DOI, ita za ka sa. Idan babu, ka sauke kwafe ka ajiye, ka rubuta ranar da ka duba.

Sabon haɗarin shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Idan ka ce su ba ka manazarta, suna iya haɗa maka sunan masani na gaske da taken maƙalar da ba a taɓa rubutawa ba, har da juzu'i da shafi, a tsarin APA mai kyau. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin Niyu Yok ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da manhajar ta ƙirƙiro musu. Duk abin da na'ura ta ba ka, ka nemo shi, ka buɗe, ka karanta. Idan ba ka same shi ba, kada ya shiga kundinka.

Yaya za a yi aikin ya zo da sauƙi? A lokacin karatu ake yin sa. Ranar da littafi ya shigo hannunka, kafin ka karanta layi ɗaya, ka rubuta sunan marubuci da take da shekara da maɗaba'a da bugu. Idan hoto kake ɗauka da waya, ka fara da bango da shafin da ke bayan take, kuma ka tabbata lambar shafi ta fito a kowane hoto. Idan hoton takarda ka yi a laburare, ka rubuta bayanin littafin a saman takardar farko. A littafinka na rubutu ka bambanta kalmomin marubuci da naka, ko da da biro mai launi daban ne, domin bayan wata huɗu ba za ka tuna wanne ne naka ba, kuma ta wannan ƙofa satar da ba a yi niyya ba take shigowa. Mai kwamfuta ya sauke Zotero, kyauta ce, Jami'ar George Mason ta Amurka ta fitar da ita a 2006. Tana adana bayanan, tana juya su daga wannan salo zuwa wancan. Sai dai abin da ka zuba mata shi za ta fitar, kuma takan rikice da sunayenmu da haruffa masu lanƙwasa, don haka ka bi bayanta da ido.

Kafin ka kai aiki a ɗinke, ka ware yini guda. Ka sami abokin karatu, kai kana karanto kowace madogara daga babi na ɗaya zuwa na biyar, shi yana sa alama a manazarta. Duk sunan da ke ciki ya kasance yana ƙarshe, duk wanda ke ƙarshe ya kasance an ambace shi a ciki, shekara ta dace da shekara. Bayan mai shagon bugu ya gama ka sake dubawa, domin a wajen bugu ne 1988 kan koma 1998, ɗ da ƙ kuma su zube.

Lokacinmu ya ƙare. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki babi na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, mu ga yadda ake sa masana su yi muhawara da juna a kan takarda maimakon a jero su ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake da littafin ƙa'idar sashensu ya ajiye shi kusa da rediyo, za mu buƙace shi.